Sunan da Bilya Ya Ba Sarkin Wadanni

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwatar Yelwa ranar da jirage suka cika ta ya ga aikin hannun Bilyaminu, ko da bai taɓa jin labarinsa ba. Shi ne mai rubuta sunaye a jikin jiragen katako: Mun Dawo Lafiya, Uwar Marayu, Ba Gaggawa, da wani dogon jirgin albasa da ya raɗa wa Sannu Da Hanya. Bilya Mai Fenti ake ce masa. Shekararsa arba'in ba ɗaya, siriri ne, kullum da ɗigon shuɗin fenti a farcensa. Abin dariyar kuwa, jikan masunta ne gaba da baya, amma ko kwale-kwale aka ɗora shi sai cikinsa ya juya. Yana ɗan shekara goma kawunsa ya gwada fita da shi jan taru, ya dawo da shi kwance cikin jirgi yana nishi, ya ce wa uwarsa a kai wannan boko, ruwa ya ƙi shi.

Bokon ma bai yi nisa ba. Ya gama sakandare, hanya ta tsaya, ya zauna wurin wani mai rubuta allunan shaguna ya koyi riƙe burushi. Rubutu dai kowa na iya koya. Abin da ya fitar da Bilya daban shi ne zaɓen suna. Mai jirgi zai zo da sabon jirginsa yana ƙamshin katako ya ce a rubuta masa wani abu, Bilya ba zai taɓa gwangwanin fenti ba sai ya zaunar da mutumin a inuwa ya yi ta jan sa da hira. Can sai ya dubi jirgin, ya faɗi suna, mutumin kuwa ya ce wallahi kamar ka shiga zuciyata. Da wannan sana'a yake riƙe matarsa Shamsiyya da 'ya'yansu uku, ba yabo ba fallasa. Kuma yana ji da kansa a kai, irin jin kan mutumin da abu ɗaya tak ya iya a duniya.

Yana da wani aikin kuma wanda sai 'yan gida suka san da shi. Mahaifiyarsa, Inna Zulai'atu, a tsibiri aka haife ta, wani gungu da ake kira Gungun Maje, tun kafin a datse ruwa a Kainji. Tana 'yar shekara goma sha uku ruwa ya taso, aka kwashe su aka kai su tudu, gungun ya nutse da gidajensa da rumbunansa da maƙabartarsa. Mahaifinta ya rasu shekara guda kafin tashin, don haka can aka baro shi. Wasu in kewar iyaye ta dame su sai su je su tsaya a kan kabari. Ita in ta tsaya a kwata ta duba, ruwa ne kawai, ba ta ma iya nuna daidai wurin da yatsa. Ba hoto, ba riga, ba ko wuƙar gyaran kifi. Abin da ya rage mata sunaye ne guda goma sha huɗu na mutanen gidansu da ke kwance a ƙarƙashin tafkin.

Kowace shekara, Juma'ar ƙarshe ta watan Sha'aban, takan toya masar shinkafa, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida bayan la'asar. Tsofaffin gungun da suka rage su zo, limamin unguwa Malam Zulkiflu ya ɗaga hannu, a kira sunayen nan ɗaya bayan ɗaya a roƙa musu gafara. Sai dai ita ba ta kira. Inna irin matan da ce masu tsananin kunya. Ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari, sunan mahaifinta kuwa tunda take bakinta bai taɓa furta shi ba. "Mai gidanmu na gungu" take cewa. Yayanta, Kawu Yaro, shi ke kiran sunayen da ka. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa aka kira masa Bilya, autan Inna, ya ce ɗauko alƙalami. Ya faɗa masa su duka, Bilya ya rubuta a takarda, ya naɗe a leda ya adana. Daga shekarar nan ya zama bakin Inna. Tana zaune a zaure bayan labule, shi yana waje yana karantawa, kuma sunan mahaifinta, Anaruwa, shi ne na ƙarshe, don Kawu ya ce da babba ake rufewa. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, harshensa bai taɓa sarƙewa ba.

Ana nan sai ga Enoch. Abokin Bilya ne tun sakandare, ɗan manoma daga duwatsun Ngaski, Kirista, benci ɗaya suka zauna shekara shida, kuma ya ci tuwon Inna ba adadi lokacin da yake karatu nesa da gida. Shi bokonsa ya yi nisa. Yana Kaduna, shi da abokansa biyu suna ƙera wasannin waya, irin waɗanda matasa ke dannawa har su manta da abinci. Ya zo ganin gida bayan girbi, ya biyo ta rumfar Bilya da kwamfuta a jaka, ya buɗe ya nuna masa sabon aikinsu.

Wasan labarin wani gari ne a ƙarƙashin ruwa. Mazaunansa wadanni ne, gajeru masu kauri, gemu har ciki, maƙera da masu fasa dutse, suna tsaron dukiyar garinsu. Enoch ya ce irin waɗannan wadanni sun cika wasannin Turawa da littattafansu, har akwai shafuka a intanet da in ka danna za su zubo maka sunayensu ɗari. Ya karanto masa wasu. Bilya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce waɗannan ai sunayen maganin tari ne.

"Shi ya sa na zo wurinka," in ji Enoch. "Guda biyar nake so, na gida. Wanda in mutumin Yawuri ya ji zai ce wannan namu ne."

"Biyar ɗai?" Bilya ya ce yana goge burushi. "Ni da nir raɗa ma jirage ɗari suna? Ba ni kwana biyu."

Kwana biyu suka zama mako biyu. Ashe raɗa wa wada suna ba kamar na jirgi ba ne. Sunan annabi ko sahabi ba ya yiwuwa, wa zai ɗora wa gajeren abin cikin waya irin wannan suna ya zauna lafiya a Yelwa? Enoch ya ce na Littafi Mai Tsarki ma a bar su, mutanensa ba za su yafe masa ba. Bilya ya gwada sarautu, ya tuna masu sarautar suna nan da ransu, kuma suna da kunne. Ya gwada sunayen kifi, Kurungu da Gargaza da Tarwaɗa, Shamsiyya ta ce wannan wasa ne ko miya. Ya ƙirƙiro nasa, su Dungurum da Ƙundumbo, Enoch ya ce ta waya kamar ƙarar tukunya ta faɗi. Shi yana son suna gajere da zai shiga fuskar waya, mai tsufa, wanda in ka ji za ka ce mai shi ya taɓa rayuwa. Abin ya fara ba Bilya kunya. Mutumin da ake taso wa daga Shanga da Wara neman suna, ga wadanni biyar sun kayar da shi.

Wata rana da hantsi yana tsugune yana shafa wa wani jirgi fenti, sai ya ji bakinsa na jera su da kansa: Cindo, Nomau, Korau, Jatau, Anaruwa. Ya ajiye burushin. Sunaye ne na cikin takardar Inna. Babu mai raɗa wa ɗansa irinsu yanzu, ba na annabi ba ne, ba sarauta ba, gajeru ne, tsufa kuwa ba a magana. Ga shi kuma masu su mutanen wani gari ne da ke ƙarƙashin ruwa. Ya ji tsigar jikinsa ta tashi don murna. Nan take ya kira Enoch.

"Wadannin ga naka, mutanen kirki na ko miyagu?"

"Jarumai ne," in ji Enoch. "Su ke tsaron garin. Babbansu ma sarki ne mai hikima, shi ke riƙe da makullin ƙofa."

"To ka samu suna."

A fahimci Bilya. Bai taɓa buga wasan waya ba, tasa wayar ƙarama ce mai maɓallai. A tunaninsa abin kamar tatsuniya ne, wanda aka ce jarumi ne zai tafi a jarumi har ƙarshe. Yana ganin sunayen da sau ɗaya a shekara ake kira a gaban tsofaffi, tsofaffin kuma suna raguwa duk shekara, yanzu za su shiga Kaduna da Kano da Legas. Ya ɗauka karramawa ce. Har ya hango ranar da zai kai wa Inna waya ya ce dubi mai gidanku na gungu ya zama sarki. Don haka bai tambaye ta ba, yana son ya ba ta mamaki, kuma bai gaya wa Enoch inda ya samo sunayen ba, yana son a ce basirarsa ce. Wauta biyu kenan a rana ɗaya, ɗaya ta son uwa, ɗaya ta son yabo. Da yamma ya koma gida yana fito, Shamsiyya tana tambayarsa ko an ba shi kujerar Makka ne.

Kafin Kirsimeti Enoch ya dawo da wata 'yar na'urar ɗaukar murya. Ya ce abokansa na Kaduna sun kasa faɗin sunayen yadda ya kamata, bakin Bilya suke so. Suka zauna a rumfa da tsakar rana, Bilya ya gyara murya ya kira kowane suna sau uku, a natse, kamar yadda yake kiransu ranar sadaka. Sannan Enoch ya sa shi ya faɗi wasu 'yan kalmomi daban: ya tashi, ya gudu, ya faɗi. Ya ce na haɗawa ne, za a ga inda za su shiga. Kuma ba ƙarya ya yi ba. A lokacin, mai wasa shi ne wadan, yana kare gari daga ɓarayi. Daga baya ne waɗanda aka ba su gwada suka ce abin ba armashi, abokan Enoch suka juya shi. Mai wasa ya koma mai nutso da ke sauka neman dukiya, wadanni biyar suka koma waɗanda sai ka kayar da su ka wuce. Enoch bai ga dalilin kiran Yelwa a kan wannan ba. Shi a wurinsa sunaye ne kawai.

Bayan wata uku Bilya yana wucewa ta wurin 'yan dako a kwata, sai ya ji muryarsa shi kansa ta fito daga wayar da ke tafin hannun wani ƙato: "Korau ya hwaɗi!" Aka kwashe da dariya. Ya tsaya cak. Ƙaton, Faruk sunansa, ya gan shi ya washe baki.

"Mai Fenti! Ashe kai na? Wallahi mun ce muryag ga ta gida ta. Zo ka ga yadda nika yi da sarkinsu."

Bilya ya matsa ya leƙa. Ga wani gajere mai tumbi, gemu na jan ƙasa, da hular ƙarfe da ta yi masa yawa. Faruk ya danna, ya danna, gajeren ya zame ya faɗi rigingine, hular ta gangara, ƙafafunsa na harbin iska kamar ƙwaron da aka kifar. Sai muryar ta fito, a natse, da ladabi, muryar Juma'ar Sha'aban: "Anaruwa ya hwaɗi!"

"Sau tara nik kashe shi yau," in ji Faruk.

Bilya bai san lokacin da ya zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a tsakiyar ruwa. Ya laluba wayarsa, ya kira Enoch ya gaya masa komai. 

"Baban Inna?" Enoch ya ce. "Bilya, don girman Allah, me ya hana ka gaya mini?"

A yi wa Enoch adalci, bai ɓata lokaci ba. Cikin kwana uku ya cire sunayen, ya cire muryar, ya saki sabon wasa. Amma wa ke sauke wasa da data a kwatar Yelwa? Daga waya zuwa waya ake tura shi, ba sai da intanet ba, masu rumfar caji kuma suna loda shi tare da waƙoƙi da finafinai. Tsohon ya riga ya haihu ya yi jikoki. Waɗanda suka ga sabon ma suka goge shi, suka ce ba daɗi, sun cire muryar nan. Enoch ya ce ba shi da wata hanya ta shiga wayar mutum ya fitar da abin da ke ciki. Ya faɗi haka sau uku, kamar mai neman Bilya ya ƙaryata shi.

Sai Bilya ya ajiye fenti ya shiga bin mutane. Magidanci ɗan shekara arba'in yana bin 'yan dako da 'yan acaba da matuƙa jirgi ɗaya bayan ɗaya yana roƙo a goge masa wasa. Wasu suka ji nauyinsa suka goge a gabansa, kafin la'asar sun sake karɓa a wurin aboki. Wasu suka ce sai ya faɗi dalili. Da ya ga ba mafita ya faɗa, nan kuwa ya ƙara ɓata lamarin. Masu hankali suka yi salati suka ce Allah ya kyauta. Sauran kuwa abin ya ƙara musu gishiri, ashe sarkin wadanni kakan Mai Fenti ne. Sunan ya fita daga waya ya shiga bakin gari. Duk gajeren mutum ya zama Anaruwa. In wani ya zame a laka, kwata gaba ɗaya sai ta amsa. Ba don mugunta ba ma, yawancinsu ba su san Inna ba, ba su san akwai wani gungu da ya nutse ba, an haife su sun tarar da tafki ne.

Ya je wurin Malam Zulkiflu ya zube. Malam ya saurare shi har ƙarshe yana jan carbi.

"Bilyaminu, istigfari za ka yi," ya ce. "Amma abin da yash shiga aljihun mutum dubu, ni ban san addu'ar da ka fiddo shi ba. Tahi ka hwaɗa ma tsohuwa da bakinka, tun ba ta ji ga bakin wani ba."

Sau uku yana zuwa ƙofar ɗakinta da niyya. Na farko ya tambaye ta ciwon gwiwa. Na biyu ya ce rufin ɗakin na son gyara kafin damina. Na uku ya zauna ya sha fura ya tashi. Duk lokacin da ta ɗago ta ce "Auta, lafiya?" sai maganar ta koma ciki.

Inna tana sayar da bandar kifi a gefen kwata da safe, ba don tana rasa abin ci ba, don zama ba ya karɓarta. Wata Talata wani ɗan dako ya zame da buhun albasa daf da tiren ta. Kafin ta ce sannu, maza kusan ashirin suka haɗa baki suka kira sunan mahaifinta suna shewa. Ta daskare. Sunan da sai sau ɗaya a shekara take ji, a cikin addu'a, ga shi a bakin ƙattai a tsakiyar warin kifi. Tana cikin wannan sai wani da ke kusa da ita ya ciro waya don ya ƙara wa abin armashi, ya danna. Ba ta san wasan waya ba, ba ta san wada ba, amma ta san muryar da ta goya. Ta rufe kifinta da buhu, ta ɗora tire a ka, ta koma gida tun rana ba ta yi zafi ba.

Shamsiyya ce ta zo rumfa ta gaya masa. Ya tafi ya durƙusa a gaban Inna ya kwashe komai ya faɗa, da tatsuniya, da sarki mai hikima, da mamakin da ya so ya ba ta. Yana magana yana kuka, majina da hawaye, ba kyan gani. Ta saurare shi tana tsince shinkafa. Da ya gama ta ce, "To." Ya jira zagi, ya jira ko da tsaki ne, bai samu ba. Ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Enoch ya hawo mota tun daga Kaduna ya zo ya durƙusa shi ma. Inna ta dafa kansa ta ce, "Tashi, ɗana. Kai ba ka sani ba." Bilya na tsaye a bakin ƙofa, maganar ta shige shi har ƙashi, don shi ya sani. Daga ranar Inna ba ta sake zuwa kwata ba. Ta zauna gida, ta rage magana, jikokinta suka riƙa tambaya me ya sami kaka.

Sha'aban ya kama. Bilya ya zaci bana ba za a yi ba, ko kuma za ta nemi wani ya karanta. Ranar Alhamis ya ga an jiƙa shinkafa. Ta aiko Shamsiyya ta ce masa gobe ya zo da takarda. Wa kuma za ta sa? Yayyensa maza biyu suna kudu, ba su taɓa riƙe sunayen ba.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi. Tsofaffin gungu shida suka zo, bara su takwas ne. Amma bana wurin ya cika fiye da kullum, samarin unguwa sun tsaya daga baya jingine da katanga. Wasu masa ta kawo su. Wasu, Allah ya yafe musu, sun zo jin muryar ne ido da ido. Malam Zulkiflu ya ɗaga hannu, Bilya ya warware leda, ya ga inuwar ƙafafun Inna a ƙarƙashin labulen zaure.

Sunaye tara na farko suka wuce lafiya, ba sa cikin wasan. Ya ce Cindo. Aka ɗan motsa daga baya. Ya ce Nomau, wani ya yi tarin da ba na mura ba. Ya ce Korau, sai dariya ta kuɓuce wa wani ta hanci, wani dattijo ya juya ya harare shi, yaron mutane ya rufe baki da hula yana rawar kafaɗa. Ba da gangan suke yi ba. Muryar ce dai ita, da natsuwarta da ladabinta, kunnuwansu sun saba jin abin da ke biyo baya. Abin takaicin, shi kansa Bilya yana jin sa a cikin kansa. Ya ce Jatau da kyar, zufa na ɗiga a kan takardar.

Saura ɗaya. Ya buɗe baki, ya dubi samarin, kumatunsu a cike, wasu sun sunkuyar da kai suna cizon leɓe. Ya san in ya furta, wurin zai fashe, a tsakiyar addu'a, a kan kunnen Inna. Ya rufe bakin. Ya sake buɗewa, ba abin da ya fito. Malam yana nan hannu a sama yana jira. Shi ma ya san sunan, tsofaffin nan shida ma sun sani, amma kowa ya dubi bayan taron ya gane ko daga bakin wa ya fito abin da zai faru kenan.

Sai aka ji Inna ta ja numfashi a bayan labule, dogo, irin na mai shirin magana. Wurin ya yi tsit, har samarin. Bilya ya runtse ido. Aka jira. Numfashin ya sauka a hankali ba tare da kalma ba. Shekara saba'in na kunya ba su bar ta ba.

Malam Zulkiflu ya gyara murya ya ce, "Da wanda ɗiyatai tas sani, Allah kuma ya san shi. Allah shi gafarta mishi." Aka shafa. Tun da ruwa ya ci gungun, wannan ce shekarar farko da ba a kira Anaruwa ba. Aka raba masa, mutane suka watse da sauri, ba wanda ya tsaya hira.

Kafin magariba Bilya ya kwaso tirarruka ya shiga da su. Ya tarar da Inna zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu, ba ta yin komai. Zai wuce ta kira shi.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Abin ga na cikin waya. An ce gajere na?"

"E, Inna."

"Mai tumbi?"

"E."

Ta jinjina kai. Da ta sake magana muryarta ba fushi a ciki, kamar mai gyara wa yaro kuskuren lissafi.

"Shi hwa dogo na. In za shi shiga ɗaki sai ya duƙa. In shina tuƙi tsaye, tun jirgi na nesa nika gane shi, in sheƙa in hwaɗa ma innarmu ga shi nan tahe."

Ta ɗaga hannu sama tana son ta nuna masa tsawon. Daga zaune take, hannun bai kai ko rabi ba. Ta bar shi a sama haka nan, Bilya kuwa yana tsaye da tirarruka a hannu, ya rasa inda zai ajiye su.